Allon kwamfutar da ya ɓata min albam ɗin biki

Duk mai ɗaukar hoton da ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya don gyaran hoto, abin da nake fara ce masa shi ne ya ajiye maganar takardar da aka liƙa a jikinta, ya tambayi allon tukuna. Sau da yawa sai in ga jikinsa ya yi sanyi, domin shi ya zo ne ya ji batun i7 da RAM da katin girafik. Ba na ganin laifinsa. Abin da masu shago ke tallatawa ke nan, kuma ni ma shi na je nema lokacin da tsohuwar laftof ɗina ta gaji.

Aikina hoton biki ne a Kano, da Nikon D750 nake ɗauka. Megafiksel 24 gare ta, kowane hoton RAW, wato ɗanyen hoto yadda ya fito daga kyamara kafin a gyara, yakan kai megabait 25 zuwa 30. Ka haɗa kamu da ɗaurin aure da dina da kai amarya, ka ga biki ɗaya ya haura hoto dubu cikin sauƙi. Tsohuwar kwamfutar sai in matsa hoto in zauna jiran ya buɗe. Da na tara kuɗi na shiga kasuwa, na sami laftof ta hannu irin ta 'yan gem: furosesa ƙarni na 10, RAM 16, SSD mai sauri, katin girafik na daban, allo inci 15.6 an rubuta masa IPS da 144Hz. Mai shagon ya kunna min wasan mota, hoto na gudu sumul. Ya ce, "Oga, wadda ta ɗauki wannan ai hoto ba komai ba ne a wurinta." Ta fuskar sauri gaskiya ya faɗa. Lightroom, manhajar Adobe da nake gyaran hoto da ita, ya riƙa tashi nan take, ban taɓa kuka da wannan ba har yau.

Aikin farko mai nauyi da na yi da ita bikin wani babban gida ne. Ankon matan makuba, angon cikin farar shadda. Na zauna na gyara hotunan a tsanake har na gamsu, na kai gidan wanke hoto aka haɗa albam babba mai bangon fata, da manyan hotuna na bango. Ranar da na je karɓa, ina buɗe shafin farko gabana ya faɗi. Makubar nan ta koma ja wur. Fuskar amarya ta yi jajir tana ɗaukar ido, goshinta da kumatunta sun koma ruwan goro. Farar shaddar ango ta yi ɗorawa-ɗorawa. Waɗanda ke tsaye a layin baya kuwa duhu ya cinye fuskokinsu, haƙora da idanu kawai ake gani.

Nan take na hau mai wankin da faɗa, na ce injinsa ne. Dattijo ne da ya daɗe a harkar, bai ɗaga murya ba. Ya ce in kawo filashin, ya buɗe hoton a monitarsa. Abin da ke kan takarda shi ne a kan monitar, babu bambanci. Ya ce, "Malam, injina bai ƙara maka komai ba. Abin da ka kawo shi na wanke. Ɗauko kwamfutar taka mu gani." Muka ajiye ta gefe da gefe, hoto ɗaya, fayil ɗaya. A tawa amarya fes, fatarta daidai, anko makuba kamar yadda na gan shi a wurin kamu. A tasa ja ya yi yawa ta ko'ina. Na ɗauko wayata na tura hoton, wayar ma ta bi bayan monitarsa. Allona ne kaɗai ke nuna min wani abu daban.

Lokaci ya ƙure, na kai albam ɗin haka da niyyar in yi bayani. Uwar amarya ta buɗa shafi biyu ta rufe. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ankonmu ba ne. Da ƙafata na shiga Kwari na zaɓo kalar nan. Kuma 'yata ba haka fatarta take ba. So kake dangin miji su ce bilicin ta yi?" Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, zan sake shi gaba ɗaya, ba za ku ƙara ko sisi ba." Haka aka yi. Ribar aikin ta tafi a wanki na biyu har na ɗora daga aljihuna. Kuɗin na mance da su, amma maganar bilicin ɗin nan tana raina, domin abin da ake biyan mai hoto a kansa ke nan: ya fito da mutum yadda Allah ya yi shi, a ranar da ba za a maimaita ba.

Sai daga baya na zauna na gano abin da ya faru, kuma shi ne abin da nake so duk mai shirin saye ya fahimta. Kowane allo akwai iyakar kalolin da yake iya nunawa. Ma'aunin da intanet da yawancin gidajen wanke hoto ke bi shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Allon da ya dace da aikinmu ya kamata ya nuna kusan dukkansa. Nawa, da na binciko lambarsa, an rubuta 45% NTSC, wani ma'aunin kala na daban. Wannan lamba ba ta nufin komai ga wanda bai sani ba, amma idan aka juya ta zuwa sRGB ba ta wuce kashi 60 da 'yan kai ba. Wanda ya cika sRGB shi ake rubuta wa 72% NTSC. Ma'ana fiye da kashi ɗaya cikin uku na kalolin sRGB allon ba ya iya nuna min su, kuma ja mai ƙarfi yana cikin abin da ya fi gazawa a kai. Idan ja ya fito dishi-dishi a idonka, hannunka da kansa zai ƙara masa ƙarfi. Kamar mai mura ce a kan girki: ba ta jin gishiri, sai ta yi ta ƙarawa, ita a bakinta miya ta yi daidai, sai an kai gaban baƙi a ji.

Ba nan ya tsaya ba. Farin allon ya karkata zuwa shuɗi, don haka duk hoton da na duba sai in ga ya yi sanyi in ƙara masa ɗumi. Ga inda shaddar ango ta samo ɗorawarta. Sannan hasken allon a ƙure nake barinsa saboda taga na bayana, wurare masu duhu suna bayyana min tas, ban ga dalilin ɗaga su ba. Takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Ga inda 'yan layin baya suka ɓace.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kalmar IPS ɗin nan. Kowa a cikinmu ya ji cewa a guji allon TN, wanda kala ke juyawa da ka ɗan karkata kai, a nemi IPS. Na nema, na samu. Ashe IPS maganar kusurwar kallo ce, ba alkawarin cikar kala ba. Akwai allunan IPS masu 45% NTSC jingim a kasuwa, musamman a laftof ɗin gem masu sauƙin kuɗi, inda kamfani ke zuba kuɗin a katin girafik ya tsuke a allo. 144Hz ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe kuma yawan sabunta hoto ne a daƙiƙa ɗaya, amfanin mai wasa ne, hoton da ke tsaye cak babu ruwansa da shi. Lambar da ta shafi sana'ata ba ta jikin kwamfutar, ba ta kan kwali, kuma na tabbata mai shagon kansa bai san da ita ba. Har samfuri ɗaya mai suna ɗaya akan fito da shi da allo iri biyu ko uku, don haka ko abokinka na da irinta mai kyau, ba hujja ba ce.

Wani abokin aiki ya ara min na'urar daidaita kala, Spyder ta kamfanin Datacolor, wadda ake ratayawa a fuskar allo ta auna. Na ɗauka magana ta ƙare. Ta gyara shuɗin, ta daidaita hasken, amma a ƙarshe ta nuna min adadin sRGB ɗin da allon ke iyawa, yana nan inda yake. Na'urar tana daidaita abin da allo ke da shi ne, ba ta ƙirƙiro masa kalar da bai da ita.

Abin da ya fitar da ni monita ce ta hannu, Dell UltraSharp U2415, inci 24, mai kashi 99 na sRGB. Tsohuwar yayi ce, kuɗinta bai kai rubu'in na laftof ɗin ba. Na jona ta, na saita farinta da haskenta yadda aikin hoto ke buƙata, na juya teburin daga taga na sa labule mai kauri. Kwana biyun farko sai na ga kamar ta yi duhu, ido ya saba da ƙyalli. Na sake gyaran bikin nan daga tushe, na fitar da hotunan a sRGB, na kai guda kaɗan aka wanke min ƙanana na gwaji kafin a taɓa albam. Da dattijon ya miƙo min su na ɗora ɗaya a gefen monitar daga baya, makuba ta fito makuba, fatar amarya ta dawo tata. Ban taɓa jin sanyi a raina kan takardar hoto irin na ranar ba. Tun daga nan ba na kai babban aiki wanki sai na yi wannan gwajin, komai saurin da mai biki ke yi.

Sauran kayan cikin kwamfuta ba sa buƙatar dogon zance. RAM 16 ita Adobe ke ba da shawara ga Lightroom Classic, da 8 zai tashi amma da ka buɗe Photoshop a gefe za ka ji a jikinka. SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, dole ne; tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, SSD irin na SATA yana kai wa 550, sabon irin da ake kira NVMe kuwa dubbai. Kada sunan i7 ya ruɗe ka, dubi lambar da ke binsa. i7-4600U na 2013 ne, kai biyu (core, wato sassan da ke raba aiki) gare shi, i5-8250U mai kai huɗu ya fi shi nesa ba kusa ba. Kuma Windows 11 daga ƙarni na 8 na Intel yake karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina kula da shi, don haka tsofaffin da suka cika kasuwa a yi hattara da su.

Katin girafik ɗin ma ba zan ci amanarsa ba. Tun da Adobe ta kawo Denoise a 2023, mai share ƙurar hoton da aka ɗauka cikin ƙarancin haske, katin ke ɗaukar nauyin aikin, kuma duk wanda ya yi hoton dina a zauren da fitilunsa shuɗi da ja ne ya san darajar wannan. Sai dai yana da farashinsa a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. Cajar laftof ɗin gem takan ja wat 150 ko fiye, ƙaramar inbata ba ta jure mata. Da an ɗauke wuta batirin ba ya kai ka ko'ina, kuma a kan batir ita da kanta take rage ƙarfi. A zafin Afrilu fankokinta ba sa yin shiru, da hunturu kuma ƙura suke zuƙa, sai an buɗe an share lokaci-lokaci, in ba haka ba ta yi zafi ta koma tafiyar hawainiya. Monitar da ta cece ni ita ma sai da wuta, don haka ranar da babu, zaɓen hotuna kawai nake yi a allon laftof, ba na taɓa kala ko ɗaya.

Abokin da ya ara min Spyder da MacBook Air M1 yake aiki, wadda ta fito a ƙarshen 2020. Na yi aiki a kanta na ga abin da ya sa ba ya sauraron kowa: allonta ya wuce sRGB ya kai P3, ma'aunin da ya fi shi faɗin kala, ba ta da fanka balle ta sha ƙura, batirinta na yin wuni. Tana ɗumama idan ana fitar da hotuna da yawa a jere, kuma RAM ɗinta a manne take, ba a ƙarawa, masu 8 ne suka fi yawa a kasuwa. Wanda ya sami mai 16 kuma aljihunsa ya kai, ban ga abin da zai hana shi ba. Wanda bai kai ba, laftof ta ofis mai matsakaicin ƙarfi da monita mai kyau sun fi masa laftof ɗin gem mai walƙiya da allon 45% NTSC.

Yanzu idan na raka wani yaro saye, da filashi nake zuwa. A ciki akwai manhajar HWiNFO, wadda ke fito da ainihin lambar allon da ke cikin kwamfutar, in sa lambar a waya in ga nawa ne sRGB ɗinsa kafin a fara ciniki. Akwai kuma hotuna uku da na san kalarsu kamar tafin hannuna, tare da wankakkunsu a ambulan: fuskar mace baƙa a inuwa, farar shadda a rana, da jan leshi. In buɗe su a allon in ɗora takardar a gefe, gani ya kori ji. In duba rahoton batir, in tambaya ko akwai gurbin ƙara RAM. Wasu masu shagon sukan ɓata rai su ce ba a sa filashi a kayansu, ko su ce ai ga shi an rubuta IPS. A nan nake yi musu sallama mu wuce shago na gaba.