Ɗigon da ba ya ganuwa a cikin PATH

Laraba da dare.

Aikin yau duk a kan PATH na wata sabar Linux ya ƙare, wato jerin foldodin da ake neman umarni a cikinsu. Idan aka rubuta umarni kamar `ls` (mai nuna abin da ke cikin folda), bash, manhajar da ke karɓar umarnin, kan bi foldodin da ke cikin PATH ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, ya kunna fayil na farko da ya samu mai wannan suna. Ba ya tambayar wanda ya ajiye shi.

Masu wannan aiki sun san illar sa ɗigo a PATH, domin ɗigo na nufin foldar da kake ciki yanzu. Wani ya ajiye mugun fayil mai suna `ls` a /tmp, inda kowa ke da izinin rubutu. Mai asusun root, wato babban asusun da ke iko da komai, ya shiga can ya buga `ls`, shi ke nan fayil ɗin ya yi aiki da cikakken iko. Mayar da ɗigon ƙarshen jeri ba magani ba ne, sai a sa wa fayil ɗin suna `sl` a jira ranar da yatsa zai zame.

Abin da na tarar yau ya fi wannan ɓuya, don babu ɗigo ko ɗaya a rubuce. A .bashrc na root, fayil ɗin saitin da bash ke karantawa in ya tashi, akwai layin `PATH=$KAYA:$PATH`, mai sa abin da ke cikin KAYA a gaban PATH, alhali an daɗe da goge wurin da ake ba KAYA ƙima. Sai PATH ya fara da ruwa biyu, ba komai a gabansa. Gurbin da ba kowa, a farko ne ko a ƙarshe ko tsakanin ruwa biyu guda biyu, bash na ɗaukar sa daidai da ɗigo. Wannan ya fi damuna, saboda ido na wuce shi.

Hanyar gano shi ita ce `echo "$PATH" | tr ':' '\n'`. Kowace folda za ta fito a layinta, duk layin da ya fito fayau shi ne ramin. Na cire layin KAYA daga .bashrc, na fita na sake shiga.

Daga nan na bi foldodin da `ls -ld`. Ya kamata su zama mallakar root, da izini 755, wato root kaɗai ke iya rubutu. /usr/local/bin na kan 777, kowa na iya rubutu a ciki, kuma tana gaban /usr/bin, wato duk mai asusu na iya shan gaban kowane umarni. Na gyara da `chmod 755`, na duba /usr/local ita ma, don mai iya rubutu a uwar folda na iya musanya 'yar. `type -a`, mai lissafa duk inda umarni yake a PATH, ya nuna babu wani baƙon kwafin `ls`, `su` ko `passwd`.

A sudoers, fayil ɗin saitin `sudo` mai ba da ikon root na ɗan lokaci, `secure_path`, wato PATH ɗin da `sudo` ke amfani da shi, na nan daidai. Saura fayilolin da cron, mai kunna ayyuka a kan lokaci, ke kunnawa da iko na root: biyu na kiran umarnin `tar` da guntun suna, ba tare da cikakkiyar hanyar foldarsa ba. Gobe zan kafa musu PATH nasu a saman kowane fayil.