Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Kawuna Ya Nuna Mini Jibril na Sudan

A makon jiya na tsaya a inda sashenmu ya amince da batun binciken digirina na uku kan yaɗuwar jita-jita, bayan an daɗe ana ja-in-ja a kan ko saƙonnin WhatsApp sun isa a gina nazari a kansu. Wani dattijon farfesa ma ya tambaye ni, yana murmushi, ko gulmar waya ce za ta mayar da ni dakta.

Amsar da na rasa a wannan zama na same ta a zauren kawuna a ƙarshen shekarar 2018, lokacin da jita-jita ta game ƙasa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an kuma musanya shi da wani Jibril daga Sudan. Doguwar jinyar da ya yi a Landan a 2017 ce ta share wa zancen fage, Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar kafa ƙasar Biyafara, ya riƙa rura shi, har ta kai shugaban da kansa ya fito a ƙasar Poland cikin watan Disamban 2018 ya ce shi ne dai, ba wani ba.

Na je gaishe da Kawu bayan la'asar, na tarar da shi ya ture keken ɗinkinsa gefe yana duba waya. Ya ce, "Zo nan, ɗan boko, duba wannan." Hotuna biyu ne, a ɗaya shugaban yana rubutu da hannun dama, a ɗayan da hagu. Na ce, "Kawu, ai juya hoton aka yi." Na ɗauki hotonsa nan take, na juya shi a gabansa, aljihun rigarsa ya koma ɗaya ɓangaren. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya yarda an yi wasa da hankalinsa. Sai dai da na tashi tafiya ya rage murya ya ce, "Duk da haka, ɗana, Buharin da muke bi tun 2003 ba zai bar buhun shinkafa ya kai inda ya kai ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Na shiga binciken ne da tunanin cewa jahilci ke sa a gaskata ƙarya, alhali ga mutum mai hankali wanda ya ga hujja ya karɓa, amma ya fi samun sauƙi a zuciyarsa da a ce an sauya masa gwaninsa a kan a ce gwanin ne ya gaza. Washegari na soke rabin tambayoyin da na tsara, domin duk sun ta'allaƙa ne a kan matakin karatun mutum.

Da sababbin tambayoyin na shiga Kano a farkon 2019, inda Kwankwasiyya da Gandujiyya suka raba majalisu, har 'yan gida ɗaya. Sojojin baka su yi zafafan kalamai a rediyo da dare, kafin asuba an yanko muryoyinsu an watsa a zaurukan WhatsApp. A watan Janairun shekarar kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, abin da na ɗauka zai rage gudun jita-jita. Wani matashi mai kula da zauruka da dama, da na samu a teburin mai shayi, ya zaro wayoyi uku daga aljihu ya jera mini. Ya ce, "Malam, ka sa mini data kawai ka ga aiki." Da na tambaye shi ko yana gaskata abin da yake turawa, sai ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniyarsa da maigidansa.

Ina tare da shi a daren da hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu zuwa 23, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna. Abin da na gani yana fita daga wayoyin nan uku kafin gari ya waye shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.