Zuwa ga ƙannena masu tura injin yankan ciyawa a Legas

Duk damina sai na ga sababbin samari sun sauka a Agege ko Obalende, an sama musu aikin lambu a gidajen Ikoyi, Lekki ko GRA ta Ikeja. Ranar farko a danƙa wa yaro injin yankan ciyawa, a nuna masa yadda ake jan igiya, shi ke nan. Haka aka yi mini. Inji guda ya mutu a hannuna, wani kuma saura ƙiris ya tafi da yatsuna, don haka ku ji daga bakin wanda abin ya faru da shi.

A ɗakinmu na Agege muna da ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da bakin mai a tanki ɗaya. Sai na ɗauka kowane ƙaramin inji haka yake. Na riƙa tsiyaya bakin mai cikin fetur ina zuba wa injin maigidana, ina ganin gata nake masa. Ashe galibin injinan nan na turawa, masu Honda ko Briggs & Stratton, fetur da tankinsa, bakin mai da gidansa daban a ƙasa, da ɗan sandan awo a jikin murfin. Ban taɓa buɗe murfin nan ba. Injin ya dinga hayaƙi, fulogi na yin baƙi, ina gogewa ina mayarwa. Wata safiyar Asabar ina tsakiyar fili, ƙararsa ta canza, ya yi tsit. Na ja igiya, ta ƙi motsi kamar an ɗaure ta da gini.

Wani dattijon bakanike muka kai wa. Ya zaro sandan, ya goga a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi a rana. Ɗan abin da ya maƙale a bakinsa baƙi ƙirin ne, mai kauri kamar kwalta. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da duba wannan?" Na rasa ta cewa. Maigida bai cire ko kwabo daga albashina ba, cewa kawai ya yi, "Ai amana na ba ka." Har yau maganar nan tana min nauyi.

To ga abin da dattijon ya koya mini. Kafin ka tayar, ajiye injin a wuri mai daidai, ka duba bakin mai, ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandan. Kada ka zarce, domin mai da yawa ma ɓarna ne. Abin da yake ci duka bai wuce kamar rabin lita ba. Sabon inji ana juye masa mai bayan awa 5 na farko, daga nan duk awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara in bai kai ba. Bakin mai mai lamba SAE 30 ko 10W-30 ake sawa, ka duba littafin injin in yana nan. Ka juye shi da ɗumi, ya fi fita da datti. Mu da muke yanka a gida uku ko huɗu, awa 50 ba ta da nisa, ka riƙa rubutawa a bangon sito ko a waya.

Sai maganar kwantar da inji. In za ka leƙa ƙarƙashinsa, gefen kabireta da matatar iska shi ke kallon sama. Na taɓa kwantar da shi ta ɗaya gefen, bakin mai ya gangara ya jiƙa matatar, sai da muka nemo sabuwa.

Amma wanda nake roƙonku da Allah ku riƙe shi ne wannan: kada hannunka ya kusanci wuƙar sai ka cire wayar fulogi. Wata rana cikin Yuni, ruwa ya kwana yana zuba, ɗanyar ciyawa ta cushe ƙasan injin. Sandan da ake riƙewa a mariƙi, wanda in ka saki injin ke mutuwa, na ɗaure shi da igiya don hannuna ya huta. Injin ya shaƙe ya tsaya, na zura hannu ina yaye ciyawar, na murza wuƙar da ƙarfi. Ya yi tari sau ɗaya, wuƙar ta zabura. Ɗinki na sha a yatsu biyu, tabon yana nan. Wuƙa da inji sanda ɗaya ke juya su, murza ta kamar jan igiya ne. Kuma kada ka ɗaure sandan da ake riƙewa a mariƙi, don tsaron lafiyarka aka yi shi.

Ruwan Legas daga Afrilu zuwa Yuli ba ya ɗaga ƙafa, ciyawa na tofowa kamar ana jan ta. Duk da haka ka jira ta sha iska kafin ka yanka, kuma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. In ka gama, kankare abin da ya manne a ƙasa da guntun katako. Ɗanyar ciyawa da iskar gishirin Lekki su ne ke sa tsatsa ta huda ƙarfen. Ka zagaya fili ka tsince duwatsu da guntayen rodi tukuna, bugu ɗaya kan iya lanƙwasa sandan injin. Wuƙa in ta dakushe yaga ciyawa take yi, bakin ganyen ya yi ja. In an wasa ta, rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya shi za a ƙara ragewa, in ba haka ba injin zai dinga karkarwa.

Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ƙura ke toshe matatar iska. Ta soso a wanke da sabulu, ta bushe, a ɗiga mata ɗan mai a matse. Ta takarda kakkaɓewa ake yi ko a canza. Lokacin ne kuma aiki ke raguwa, injin ya zauna. Tun da aka cire tallafi a 2023 na san ba mai son zubar da fetur, amma wanda ya haura wata guda a tanki yakan yi danƙo ya toshe kabireta. Ni nakan juye shi a jarka in ba direban gidan, sannan in tayar da injin ya shanye ragowar har ya mutu da kansa, in tura shi sito, nesa da inda rufin ke yoyo.