Malam ya dawo gida, mun gode

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar sakaliya muka shigo da mahaifina Malam, tsohon hedimastan firamaren garinmu, gida, bayan kwana 43 a gadon asibiti. Alhamdu lillahi. Yana gane kowa, yana cin tuwo da hannun hagu, baki ma ya fara buɗewa, don yau da safe har faɗa ya yi wa ƙanena a kan an bar masa rediyo a rana. Inna na jin faɗan nan ta ajiye muciya ta fashe da kuka, ta ce yanzu ta yarda mai gidanta ya dawo.

Ni kam a gajiye nake liƙis. Wanda ya kira ban ɗaga ba, ya yi mini afuwa. Ba sai na maimaita labari ba, kun bi shi tun ranar da Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya cinye mana gari, har zuwa Kano. Dare ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi nake so in faɗa.

Kun san a firamare muka fake, tunda ita ce a kan tudu. A cikin aji huɗu Malam ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar isha'i, ajin da ya koyar a ciki tun ba a haife ni ba. Hanya ta yanke, mota ba ta shigowa, babur ma ba ya ratsawa. Na san al'adarmu ba a kiran sunan wanda ya yi alheri don kada a rage masa lada, amma Alƙali mai kwale-kwale, ka yi haƙuri, sai na faɗa. Yaran yanzu ba su san inda ka samo sunan nan ba. Malam ne ya ɗaura maka rawanin gwadon Inna kana aji biyar, ka fito a alƙali a wasan kwaikwayon makaranta, sunan ya bi ka har furfura.

Ƙarfe ɗaya na dare muka shiga ruwa a kwale-kwalen Alƙali don kai Malam asibiti. Ba wata, sai tocila ɗaya mai raunin batir. Muna bi ta kan gonakin mutane, kawunan gero suna gogar cikin jirgi, can kuma ciyawar kachala ta rufe gaba sai an ja da baya. Malam na kwance a cinyata, ina kiran "Baba, Baba", shiru. Ina tofa masa duk addu'ar da ta zo bakina, amma wallahi a zuciyata na riga na fara tunanin inda za a sami busasshiyar ƙasar da za a haƙa kabari.

Sai Alƙali ya fara rera lissafi, yana tura gora yana yi, da irin muryar da Malam ya koya wa kowa a garin nan. Biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu. Na ɗauka tsoro ne ya taɓa shi. Haka ya yi ta hawa har gidan bakwai, ya ɗaga murya ya ce, "Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!" Jama'a, sai na ji hannun hagun Malam ya matse mini yatsa, ya yi wani gurnani a maƙogwaro. Alƙali ya yi dariya ya ce, "Da shida ne, Malam, Allah ya huci zuciyarka. Kai yaro, share hawayenka, da sauran shan ruwa a gaba." Da muka kai gaci na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya harare ni, ya ce ko na manta wanda ya je har gida sau uku yana roƙon babansa a bar shi ya yi makaranta.

A 1976 Malam ya fara koyarwa, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta, lokacin muna cikin Jihar Kano tunda sai 1991 aka yanke Jigawa. Dattawa sun ce a lokacin ɓoye yara ake yi a rumbu idan aka hango kekensa. Da wa'azi ya ƙi ci, sai ya koma wasan kwaikwayo ranar kasuwa: ga manomin da aka cuce shi a takardar gona don bai iya karatu ba, ga mai karanta wa mutane wasiƙa yana ƙara nasa. A yi dariya, gobe a kawo yara biyu. Zamanin Gwamna Abubakar Rimi da aka ɗaga yaƙi da jahilci, ya buɗe ajin dare a zaurenmu da fitilar ƙwai, kuma ko da ya yi ritaya a 2011 bai rufe ba. Gidan ƙasa ɗaya da keke, iyakar abin da ya tara ke nan. Na sha yi masa ƙorafi a kan haka, Allah ya yafe mini.

Iyayenmu mata na ajin dare, ban san da wane baki zan gode muku ba. Kowa na ta kayan ɗakinta, ku kuka tuna da adakar Malam, kuka ɗauko ta a ka, ruwa iya ƙirji. Rajistocin makaranta da wasanninsa da ya rubuta da hannu duk suna ciki. Sista ta asibitin Haɗeja, wadda ta gan shi a kan gadon turawa ta ce "Hedimastanmu ne!", ta hana kanta tashi daga aiki sai da aka sa mu a motar Kano. Tsofaffin ɗalibai da kuka haɗa kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da na gashin ƙashi, har da wanda ya turo naira 500 yana ba da haƙuri. Likitoci da ma'aikatan Asibitin Malam Aminu Kano. Liman da ya sa shi a addu'a kowace Juma'a. Mai shayin bakin ƙofar asibiti da ya daina karɓar kuɗina tun sati na biyu.

Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a, ya ba ku masu yi muku fiye da haka ranar da ƙarfi ya ƙare. Yadda kuka rufa mana asiri, Allah ya rufa naku duniya da lahira. Waɗanda ruwan bana ya ci musu rai, Allah ya gafarta musu, ya sa sun yi shahada. Waɗanda ya cinye wa shinkafa da gero, Allah ya mayar da ninki.

'Yan uwa na birni kuma, mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun gode. Wasu a gidan nan suka tashi, a tabarmar zauren nan suka koyi rubuta sunansu, kuma daga unguwarsu zuwa asibiti kuɗin adaidaita ɗaya ne. Na san hidima ta yi wa kowa yawa. Malam dai ya tambaye ku, da hannu, yana nuna tsayin kowa yadda ya san shi yana yaro. Na ce masa kuna hanya.

Masu zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, kuma likita ya hana shi gishiri, kada a kawo kilishi ko soyayyen kifi, don ba ya iya cewa a'a. Takardun adakar sun jiƙe ta ƙasa, mun shanya su a ɗakin Inna, tawada ta narke a wasu. Duk wanda ya taɓa fitowa a wasan Malam kuma yana tuna maganganunsa, ya zo ranar Asabar da biro, mu cike gurbin. Alƙali, har da kai, ka zo da rawaninka.