Gidan sufayen La Charité da abin da na koyo a jikin bangonsa

Gaskiya ranar da aka fara kai mu La Charité-sur-Loire raina ɓaci ya yi. Karatun gyaran tsofaffin gine-gine nake yi a Faransa, an ce za mu ga gidan sufayen Kirista da sufayen Cluny, wani babban gidan sufaye a Faransa, suka kafa tun 1059 a bakin kogin Loire, wanda Fafaroma Pascal na biyu da kansa ya zo ya tsarkake cocinsa a 1107, to ni ina zaton zan tarar da abu tsaf tsaf, sai ga gidajen mutane an cusa su a cikin bangon cocin, har da tagogi a ƙarƙashin tsofaffin bakan dutse.

Na ce wa malamarmu ai wannan ɓarna ce, me ya hana a rushe su? Ba ta yi musu da ni ba, ta ce in je in karanta tarihin wurin tukuna.

Ashe gobara ce ta cinye babban ɓangare a 1559, bayan juyin juya halin 1789 kuma aka sayar da wurin gunduwa gunduwa, mutanen gari suka shiga suka zauna. A 1840 ma saura ƙiris a ratsa hanya ta tsakiyarsa, Prosper Mérimée, jami'in gwamnati mai duba gine-ginen tarihi a lokacin, shi ne ya tsaya kai da fata ya hana. Wato bangon da nake tausayi, wanda aka jingina masa gida aka yi masa rufi ruwa bai samu yadda yake so da shi ba, kuma wa zai bari a kwashe duwatsun ɗakin da yake kwana? Gidajen nan su ma tarihin wurin ne, ban isa in goge su ba don kawai ba su yi min kyau ba.

Sai maganar siminti, wannan kam ta taɓa ni sosai. An nuna mana yadda tsohon dutse ke marmashewa in an liƙe shi da siminti, danshi ya rasa hanyar fita, farar ƙasa kuwa tana barin bango ya yi numfashi. Ina murza garin dutsen a yatsuna sai zauren kakana a Kano ya faɗo min, mu da hannunmu muka sa aka yi masa filasta a kan tubali wai muna gyara, damina uku ba ta cika ba ya fara ɓantarowa. Da daddare na kira Baba na ce don Allah ɗakin da ya rage kar a taɓa shi sai na dawo, a nemo magini mai aikin makuba.