Bishiyar Cassia fistula Ta Yi Fure

A bazarar bana ne bishiyar Cassia fistula da na shuka a ƙofar gida ta yi furenta na farko, bayan ta zubar da ganyenta lokacin da zafi ya tsananta, kuma na yi farin ciki matuƙa. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, furenta kuma shi ne furen ƙasa na Tailan. Masu wucewa kan zaci marga ce saboda furanninta rawaya masu reto, amma ganyenta ya fi na marga faɗi. Irinta yana da tauri, sai an ɗan kankare bayansa an jiƙa shi kafin ya tsiro da wuri. Tana son rana sosai, ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya.