Kyamarata ta farko da ranar Sakkwato

Tun da na sa hotunan hawan sallah a Facebook ake ta tambayata wace kyamara ce, wai ko irin ta 'yan jarida ce. A'a wallahi, Nikon D3500 ce, ƙaramar DSLR (irin kyamarar da ake iya canza wa lens, wato gilashin gabanta) ta masu koyo da ta fito 2018, ta hannu ma na saya. Ƙanena yana ɗaukarta sai cewa ya yi "Yaya, megafiksel nawa?" na ce 24, ya yi dariya wai wayarshi 50 gare ta. Ni ko ban ce mishi komai ba.

Abin da bai gane ba shi ne sensa, wato ɗan faifan da ke ciki mai karɓar haske ya mai da shi hoto. Ta cikin kyamarar nan ta ninka ta waya girma sau da yawa, haske take kwasa sosai, shi ya sa ko bayan magariba fuskar mutum ke fitowa da kyau, waya kuma sai ta dama hoton kamar fura. ISO ɗinta, wato lambar da ake ƙarawa don hoto ya yi haske a duhu, na kaiwa 25600 amma ni ban cika wuce 3200 ba, daga nan hoto ya fara yin tsakuwa-tsakuwa.

Abin da ya fi burge ni dai ɗan ramin nan ne da ake sa ido a leƙa. Akwai madubi a ciki da ke turo maka abin da lens ke gani kai tsaye, in ka danna sai ya ɗaga, ƙarar nan ƙwas da kake ji kenan. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fadar Sarkin Musulmi da rana tsaka ya san sikirin ɗin waya ba ya ganuwa, kana kare shi da hula kana lalube har mahayin ya wuce, ni kuwa idona na ciki ina kallon dokin tar, na danne maɓalli tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa ɗaya, ko an yi sukuwa sai na samu guda mai kyau. Ga batir, tunda ba sikirin ke ci ba, kamfanin ya ce caji ɗaya na yin hoto kusan 1550, ni dai na san ina wuni biki har dare ban nemi soket ba, kuma kun san halin wutarmu.

Tana da nata aibin hwa. Sikirin ba ya juyawa, babu wurin jona makirufo, babu Wi-Fi sai Bluetooth. Wata kyamarar irinta, Canon 2000D, na da Wi-Fi amma hoto 3 take yi a daƙiƙa, batirinta kuma bai kai ko rabin wannan ba.

Sai ƙura. Wannan ba ta share sensa da kanta, ni kuma da rashin sani na cire lens ɗin 18-55 a fili lokacin hunturu zan sa wani lens na 50mm, iska na kaɗawa. Da na dawo gida kowane hoto da ɗigo baƙi a sararin sama, wuri guda cak. Wani dattijo mai hoto ya duba ya ce "Yaro, cikin ɗaki ake canza wannan, bakinta na kallon ƙasa." Da ɗan famfon roba ya hure min ita, ko sisi bai karɓa ba.